Buhun Wayoyin Gidaɗo

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, goma sha tara daga ciki ina shugaban makarantar firamare a Morai, kuma ban taɓa sa hannu a takardar shaidar ɗalibi ba sai na san halinsa. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san nauyin shaidar da zan bayar a kan Gidaɗo mai gyaran waya, wanda mutanen Talata Mafara suka laƙaba wa sunan infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. A ƙasarmu, a shekarun nan, wanda aka kira da wannan suna yakan rasa ransa kafin a tambaye shi ko gaskiya ne.

An haifi Gidaɗo a wata ruga gabas da Maradun. Da aka kore shanun mahaifinsa kaf, iyalin suka dawo Morai suka kama noma, aka kawo mini shi aji uku, ya girmi 'yan ajinsa da shekara huɗu. Ba shi da hazaƙa ta a-zo-a-gani a lissafi, amma shi nake ba makullin ɗakin da muke ajiye takardun jarrabawa ya share, domin na gwada shi sau biyu, na bar takarda a buɗe, na tarar ya kife ta ya ɗora mata dutse. Bayan aji shida bai ci gaba ba. Ya koyi gyaran rediyo, daga baya ya koma gyaran waya, ya buɗe ɗan shago kusa da tasha a Mafara, ya auri Taiba mai ɗinki.

Tun a shagon yana da wata al'ada da abokan sana'arsa suke yi wa dariya. In aka kawo masa waya, ba ya karɓar lambar sirrin buɗe ta. Idan gyara ya kai inda sai an buɗe, sai ya miƙa wa mai ita, ya juya fuskarsa ga bango har a gama dannawa.

A farkon watan Satumba na 2021 aka yanke sabis ɗin waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Ba ni da ja a kan dalilin. Amma wanda bai zauna a nan ba lokacin ba zai san yadda gari ya yi tsit ba. Mai ɗa a Kano bai san ko yana raye ba, mai mara lafiya a asibitin Sakkwato ba shi da labari. Masu hali suka riƙa shiga mota su yi tafiya mai nisa cikin jihar Sakkwato, inda ake samun sabis, su yi kira su dawo. Tsofaffi da mata da talakawa kuwa sai suka fara ba masu tafiyar wayoyinsu a buɗe, da lambar sirri da komai, su ce a tura musu saƙo. Cikin mako biyu asirin gidaje da dama ya zama abin hira a teburin mai shayi.

Wannan ya dami Gidaɗo, sai ya yi abin da masu digiri a garin ba su yi tunaninsa ba. Ya ɗauki wayoyi biyu nasa, ya naɗi saƙon murya a kowace, ya danna turawa alhali babu sabis, ya kulle su, ya jefa a aljihu, ya shiga mota. Da ya isa inda sabis yake bai taɓa su ba sai bayan sa'a guda. Ya tarar saƙonnin sun tafi da kansu, har amsa ta shigo. Sau uku ya maimaita gwajin da wayoyi iri dabam-dabam, yana lura da wadda ke turawa a kulle da wadda ke buƙatar a gyara mata wani abu tun daga gida. Ya zo har zaurena ya bayyana mini, na ce masa abin da ya yi shi ake kira bincike a manyan makarantu.

Ya ce, “Malam, ni ban san wannan ba. Abin da na gane, waya ta san hanyarta. Ba ta bukatar in ga cikinta.”

Daga nan ya tsara aikinsa. Taiba ta ɗinka ƙananan jakunkuna da ragowar atamfa. Mai saƙo zai naɗi maganarsa a gida, ya tabbatar akwai data da caji, ya kulle waya, ya sa a jaka, sa'an nan ya ɗinke bakin jakar da hannunsa, da zarensa. Mata kowace ta san ɗinkinta kamar yadda ta san muryar ɗanta. Mazan da ba su iya riƙe allura ba sukan ƙulle bakin da zare, a ɗiga kyandir a kan ƙullin, su danna babban yatsa. Gidaɗo ya zuba su a buhu, ya shiga motar safe ranar Litinin da Alhamis, ya zauna ƙarƙashin wata bishiyar bedi a inda sabis yake har bayan azahar, ya dawo kafin la'asar sakaliya. Kuma ba ya karɓar waya sai daga wanda ya sani, ko wanda mai unguwa ya sani. Daga Bakura ake kawowa, daga Jangebe, har daga Maradun. Tawa ma tana ciki, da ƙulli da kyandir, domin ni ma ban iya ɗinki ba.

A mako na shida aka tare wani ɗan kasuwa, Alhaji Mukhtar, a hanyar Maradun, aka ƙwace motarsa, Allah ya kuɓutar da ransa. Kwana ɗaya kafin haka ya aika wa ƙaninsa saƙo ta buhun Gidaɗo cewa zai bi hanyar da safe. Shi ke nan, aka haɗa biyu da biyu. Gidaɗo Bafillace ne, kullum yana hanya, wayoyin gari na hannunsa. Babu wanda ya tsaya ya tuna cewa Alhaji Mukhtar da bakinsa ya yi shelar tafiyar a tsakiyar tasha, yana ciniki da mai sayar da mai a galan, da murya irin ta mai kiran salla. Ni na ji shi, ina jiran motar Morai, kuma na rubuta ranar a littafina.

Akwai wani kwamitin tsaro da unguwar tasha ta kafa wa kanta, shugabansa Alhaji Tijjani, mutum mai takardun ilimi, wanda shi ma, abin takaici, ya bi ta hannuna. Ranar Alhamis suka jira Gidaɗo ya sauko daga mota, suka karɓe buhun, suka tasa shi gaba zuwa ƙofar masallacin unguwa. Kafin in iso mutane sun fi ɗari, wasu matasa da gorori a hannu.

Na tarar Alhaji Tijjani yana cewa, “Kai Gidaɗo, buɗe muna su ɗaya bayan ɗaya mu ji abin da kaka kai ma mutanenku.”

Gidaɗo ya ce, “Ranka ya daɗe, ban san lambar ko ɗaya ba.”

“Kai da ke gyaran waya? Mu za ka maishe yara?”

“Wasu ina iya buɗe su in na so, ba ni yi maka ƙarya. Amma ba nawa ba ne, kuma ba naka ba ne. In hukuma ta zo da takarda a kan mutum guda, a kira mai wayar ya buɗe abinsa. Ni amana anka ba ni.”

Wani daga baya ya yi ihu, “Ku ji infoma na wa'azin amana!” Aka yi dariya, irin dariyar da ke zuwa kafin duka.

Sakataren kwamitin, wani Nazir, ya zura hannu a buhu ya zaro jaka guda mai ɗinkin jan zare, ya sa reza ya farke. Tsautsayi ya sa mai wayar ba ta kulle ta ba, ta dogara ga ɗinkinta. Ya danna saƙon ƙarshe, ya ƙure murya, ya ɗaga sama don kowa ya ji asirin 'yan bindiga.

Muryar mace ce, Saude, matar Malam Ayuba na Bakura, manomi mai mutunci wanda gonarsa ta gagari zuwa shekara biyu. Da yayanta take magana. Tana cewa kwana uku ke nan tana ɗora tukunya da ruwa zalla don maƙwabta su ga hayaƙi, kuma don girman Allah kada ya bari maigidan ya san ta faɗa, domin zai fi son mutuwa da a ji.

Malam Ayuba yana cikin taron. Ya zo karɓar wa matarsa waya ne. Na ga lokacin da ya ja hularsa ya rufe goshi, ya sunkuyar da kai. Wannan shi ne rahoton sirrin da kwamitin masu ilimi ya bankaɗo: yunwar gidan dattijo, a gaban mutum ɗari, a ƙofar ɗakin Allah!

Nazir ya ce, “To, wagga ba ita ba ce,” ya sake miƙa hannu.

A nan Gidaɗo, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba tun yana aji uku, ya faɗa kan buhun ya rungume shi.

“Wallahi ba a ƙara buɗe ko ɗaya! Ku kashe ni, kun ji, amma ba a ƙara!”

Gora ta sauka a bayansa sau biyu, ta uku ta fasa masa gira. Bai saki ba.

Na kutsa da sandata na tsaya a kansa. Na ce, “Tijjani, ni na koya maka rubuta sunanka. Dube ni. Ƙarar da kuke yi ita ce yana buɗe wayoyin mutane yana sayar da abin da ke ciki, ko ba haka ba?”

Ya ce, “Haka ne, Malam, amma lamarin tsaro...”

“To a kira masu wayoyin. Kowa ya duba ɗinkinsa a gaban liman. In an sami jaka guda da aka taɓa, ni da kaina zan kai shi ga hukuma.”

Liman ya amince, kuma babu wanda ya iya musa wa liman a ƙofar masallacinsa. Aka shimfiɗa tabarma, aka jera jakunkunan, arba'in da ɗaya, ni na ƙirga. Waɗanda ke kusa suka zo, na ƙauye aka ajiye nasu a hannun liman har washegari. Kowa ya ɗauki tasa, ya juya ta, ya duba. Wata tsohuwa, Lantana, ta kai tata kusa da ido ta ce, “Wanga ɗinkin banza nawa ne, ba mai iya kwaikwayon shi, ko ni ban iya maimaita shi.” Na duba tawa, zanen yatsana yana nan a kan kyandir. Aka tambayi Alhaji Mukhtar kansa yadda jakarsa ta dawo masa a wancan makon, ya ce lafiya lau ta dawo, shi ya fasa kyandirin da haƙorinsa. Zuwa azahar ɗin Juma'a an gama. Jaka arba'in ba a taɓa su ba. Guda ɗaya tak aka farke a tarihin buhun nan, kuma rezar kwamiti ce ta farke ta.

Mai karatu zai zaci an ba shi haƙuri. Ba a ba shi ba. Alhaji Tijjani ya ce sun yi aikinsu ne, kuma bincike ya nuna babu komai “a wannan karon”. Waɗannan kalmomi uku suka kashe shagon Gidaɗo. Wanda ya halarci taron ya san gaskiya, amma wanda bai halarta ba abin da ya ji shi ne an taɓa kama mai gyaran wayar tasha. Da sabis ya dawo, mutanen da ya ɗauki muryoyinsu a kafaɗa wata biyu suka riƙa tsallake shagonsa suna kai gyara gaba, wurin masu tambayar lambar sirri tun kafin su amsa sallama. Wanda ya ba shi hayar shagon ya ce yana son ɗakinsa. Shi kuwa Alhaji Tijjani, na ji an gayyace shi wani taro ya yi jawabi a kan kare sirrin jama'a a zamanin waya.

Abin da Gidaɗo ya fara yi da girarsa ta warke shi ne ya tafi Bakura ya durƙusa a zauren Malam Ayuba, ya nemi gafara. Na raka shi, ina ta faɗa a hanya cewa ba shi ya yi laifi ba. Ya ce a hannunsa aka ba da jakar, kuma bai duba ko an kulle wayar ba kafin a ɗinke.

Malam Ayuba ya dube shi. Ya ce, “Ɗana, mutum ɗari sunka ji asirina, kai kaɗai ka zubda jini a kai. In Mafara ta ƙi ka, ga zaure.”

A zauren nan yake aiki yau, da teburinsa da fitilarsa da ƙaramin akwatin sukurori. Na kai masa wayata a watan jiya, allonta ya tsage. Da ya gama, ya miƙo mini ita in buɗe, ya juya fuskarsa ga bango, ni da na san shi tun yana aji uku. A saman teburin, jikin ƙusa, jakar Saude tana rataye da jan zarenta da farkewar reza. Mutanen Bakura suna kiransa Gidaɗo mai amana. A Mafara, inda aka fasa masa gira, har yanzu akwai masu rage murya in an ambaci sunansa, kuma saboda su na sa hannu a wannan takarda, kamar yadda na sa a takardar shaidar da na ba shi a Morai.