Ragar Inna Azumi Mai Faɗin Ido

Da hantsi, kafin masunta su fito daga tafkin da ke bayan ƙauyensu, tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, Inna Azumi mai bandar kifi ta riga ta hura tandarta. Ba ta doguwar magana da mai kifi. Takan juye kwandonsa a kan ragar wayar da take banda da ita, ta girgiza bisa baho. Kifin da ya tsaya a sama ta saya. Wanda ya zurare, mai shi ya kwashi abinsa.

Ita ta sa mai walda ya faɗaɗa idanun ragar, a shekarar da aka raba gidajen sauro kyauta, masunta kuma suka gano sun fi daɗin kama 'ya'yan karfasa. Kifi ya soma ƙarewa a tafkin. Kwamitinsa, wato Sarkin Ruwa da masunta da masu banda, ya zauna ya hana. Aka yi addu'a, aka ci goro, aka watse. Washegari kowa ya koma ruwa da gidan sauronsa.

Wanda ragar ta fara kayarwa ɗan ƙaninta ne, Safiyanu, ana gab da sunan ɗansa.

"Gwaggo, har da ni?" in ji shi.

"Ragar ba ta san ka ba," ta ce. "Bara ka kawo mini iyayen, bana 'ya'yan. Baɗi me za ka kawo, ruwan?"

Damina guda bai gaishe ta ba. Ta je sunan da ƙwaryar tuwonta, dangi suna kallonta a kaikaice. Amma sauran matan banda suka bi sahunta zuwa wajen mai walda, ɗaya bayan ɗaya. Kifin da ba mai bandarsa kuwa ruɓewa yake yi, don haka gidan sauro ya koma kan gado.

Inna Azumi, ke ce kika yi da waya abin da muka kasa yi da taro. Hayaƙi ya ci idanunki, bana kin miƙa wa 'yarki Nasiha tandar da ragar. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Safiyanu ma ya gode, ko da yake ba da baki ba: tarwaɗar da yake kawowa yanzu ba ta bukatar girgiza.

Masu banda na sauran tafkuna, mai waldan yana nan da ransa, aikin kuma ba wuya. Wuyar ita ce girgiza ragar ranar da kwandon na ɗan ƙaninka ne.