Kwali Biyu na Inna

Buta ce ta faɗi. Ƴar ƙara ce, irin ta roba in ta bugi daɓe, sai kuma ruwa yana tsiyaya. Ina madafa ina tankaɗe, na zaci akuya ce. Da shirun ya yi yawa na leƙa. Inna na tsugune inda take alwalar azahar, hannu ɗaya a jikin katanga, tana son miƙewa, cinyoyinta sun ƙi. Na ɗaga ta. Ta ce zama ne ya yi mata yawa, kada in gaya wa kowa.

Lokacin wata uku ke nan da muka ɗauko ta daga Guci ta zauna wurinmu a Magariya, saboda tansiyo, wato hawan jini. A gidan likita an auna jininta, aka ce ban da hawan jinin akwai kitse da ya yi yawa a ciki, wanda zai iya toshe hanya wata rana. Aka rubuta mata ƙwaya ɗaya kullum bayan tuwo, a wani farin kwali. Da yake ni kaɗai na yi kolej a cikin ƴaƴanta, ni aka damƙa wa. Na ji daɗin haka, ba zan ɓoye ba. Ko sau ɗaya ban taɓa tsallake rana ba.

Ƙanena, autan Inna, yana kai wake Najeriya. Da ya ji labarin kitsen, sai ga shi ranar kasuwa da koren kwali, rubutunsa duk Ingilishi. Ya ce mai wanke jini ne, wani mai shagon magani ya tabbatar masa ya fi na nan kyau. Inna ta karɓa da hannu biyu kamar zanen salla, tana ta sa masa albarka. Bayan ya tafi na ce bari in fara nuna wa lokotoro, wato likita.

“Yaron nan ya ɗauko tun daga can,” in ji ta, “sai in ce sai na tambayi wani?”

A gidanmu ba a bincikar tsaraba. Na juya kwalin gaba da baya, Ingilishina bai wuce gaisuwa ba, na ajiye shi kusa da farin. Kore da safe, fari da yamma.

Bayan faɗuwar butar abin bai tsaya ba. Ciwon ya hau kafaɗu, har ɗaura ɗankwali ya gagare ta, sai ƴata mai shekara shida ke hawa gado tana ɗaura mata, a karkace. Ta koma salla a zaune, daga baya ko sunkuyawa ba ta iya yi, sai dai ta ɗan duƙar da kai. Wata la’asar na tarar da ita tana hawaye bayan sallama. Na tambaya ko ciwon ne. Ta ce a’a, goshinta ne. Tun tana budurwa bai taɓa kwana bai taɓa ƙasa ba, yanzu ga shi kwana goma sha.

Ni kuwa abin da ke raina daban ne. Babanmu shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi shekara biyu kafin Allah ya ɗauke shi, kuma da hannuna na riƙa juya shi. Kowace safiya in na kai wa Inna kunu, bakinta nake fara kallo, ko ya karkace. Ina sa ta hira don in ji ko harshenta ya yi nauyi. Maƙwabta suka ce sanyi ne, aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a baya, ba a ga canji ba. Na riƙa gasa mata cinyoyi da tsumma da ruwan zafi, ina murza man kaɗanya, takan ɗan samu sauƙi na awa guda. Kuma saboda tsoron kada jinin ya toshe, sai na ƙara himma wajen ba ta ƙwayoyin nan biyu. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake zargin kaina a kai.

Wata safiya na je zubar da fitsarinta, na ga ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta. Na ajiye shi, na kira maigidana. Ya samo mota, na zuba duk magungunan ɗakinta a leda.

Lokotoron da muka samu mace ce, ba za ta girme ni ba. Ta jera kwalayen a tebur, ta ware farin da koren, ta daɗe tana dubawa.

“Duka biyun take sha?”

Na ce eh.

“Tun yaushe, madam?”

Na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce magani ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta, kuma koren ya ninka farin ƙarfi. Irin wannan maganin kitse, ko ƙwaya ɗaya kan sa wa wasu ciwon tsoka. In ya yi yawa, naman jiki ne ke lalacewa yana bin jini, ƙoda kuma ita ke shan wahalar tacewa. Aka ɗebi jini, aka kwantar da Inna, aka sa mata ƙarin ruwa.

Kwana huɗu ina zaune gefen gadon ina kallon ɗigon ruwan, carbi a hannuna, ban san me nake ja ba. A rana ta biyu na kasa daurewa, na gaya wa Inna cewa ni na yi mata wannan, da hannuna. Ta ce, “Kada ki gaya wa auta. Zai daina kawo mini komai.” Daga baya na gaya masa, da lallami, don kada ya kai wa wata uwar.

Allah ya tsare ƙodar. Aka sallame mu, aka ce a dakatar da duka biyun, ta yawaita shan ruwa, ta riƙa takawa kaɗan-kaɗan, mu ci gaba da gashin. Bayan wasu makonni za a sake aunawa a gwada wani iri, ɗan kaɗan, kuma kada mu ƙara ko mu rage komai da kanmu. Na tambayi lokotoro ko ƙafafun za su dawo kamar da. Ta ce galibi suna dawowa, amma Inna ta manyanta, sai mu gani.

Wannan “sai mu gani” na ɗauko na kawo gida. Sati biyu, uku, Inna na takawa daga ƙofar ɗaki zuwa gindin darbejiya, tana dafe da kafaɗata, ta dawo tana haki. Salla har yanzu a zaune. Na daina tambayarta, ita ma ta daina magana a kai. Duk abin da ya faɗi a gidan, ko murfin tukunya ne, sai gabana ya faɗi tare da shi.

Wata la’asar ina wanke shinkafa, sai ƴata ta zo a guje, ta tsaya, ta kama mini zane. Na miƙe ruwa na zuba daga hannuna, na riga na ga Inna a kwance a ƙasa cikin raina. Yarinyar ta sa yatsa a baki, ta yi magana a hankali don kada ta ɓata wa mai salla.

“Mama, zo ki gani. Kaka ta sa goshinta a ƙasa, kuma ita kaɗai ta ɗago.”