Takardar da Inna Ta Sa a Leda

A layinmu kowa Injiniya yake kiran yayana, wasu don girmamawa, wasu don tsiya. Injiniyan ne kuwa, da digirinsa, amma shekara shida ke nan yana tsaye a shagon hoton takardu, yana buga wa mutane takardun neman aiki. Ya kan gyara musu rubutu kyauta, su samu aiki, su dawo da mota su gaishe shi. Ni abin haushi yake ba ni. Shi sai ya yi dariya ya ce ai ya zama gada, kowa ta kansa yake tsallakewa.

Abin da ke cin sa shi ne shekaru. Kusan duk tallar aiki cewa take kada mai nema ya wuce talatin, shi kuma saura wata biyu ya cika. Ya daina zuwa taron abokan karatunsa, don ya gaji da tambayar ina yake yanzu.

Ana haka wani kamfanin ruwa ya kira shi ganawa, aka ce ya zo da ainihin takardar digirinsa. Takardar tana akwatin Inna, mahaifiyarmu, tun ranar da ya karɓo ta. Inna ba ta karatu, amma tana lallaɓa takardar nan kamar ƙwai. Da damina ta ga rufin ɗaki na yoyo, sai ta kai ta wani shago aka liƙe mata ita cikin leda da inji mai zafi. Ba ta kai shagon Yaya ba, don kada ya hana ta biya.

Shi kuwa kullum gargaɗin da yake yi wa masu zuwa shagonsa ke nan: kada a liƙe ainihin takarda, don wasu ma'aikatu ba sa karɓa. Ina wurin ranar ganawar da safe, da Inna ta miƙa masa ita tana murmushi. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya yi mata godiya, ya sa takalmi ya fita.

A kamfanin, ya ci tambayoyinsu duka. Da aka zo duba takardu, ma'aikaciyar ta shafa ledar ta ce ba ta jin tudun hatimi, doka kuma ta hana ta karɓa. Ta ce ya nemo wata daga jami'a. Jami'a ta ce sai bayan wata huɗu. Garin neman gira an rasa ido.

Ni kaɗai ya gaya wa, a bayan shago, ya kuma rantsar da ni. Na yi kuka, na ce gara Inna ta sani. Ya ce in ta sani, wane aiki za ta ba shi?

Da yamma muka tarar da ita a bakin ƙofa tana jira.

"Sun ga takardar?" ta tambaye shi.

"Sun gani, Inna."

"Ba su ce komai ba?"

Ya durƙusa yana kwance igiyar takalmi, bai ɗago ba.

"Sun ce ba su taɓa ganin wadda aka adana kamarta ba."

Inna ta yi hamdala, ta karɓa, ta goge ledar da bakin zanenta, ta mayar akwati. Jiya Yaya ya cika shekara talatin. Har yanzu duk safiya sai ta tambaye ni ko kamfanin sun kira.