Muryar Malam a Rumfar Wasanni

Garagumsa

Ƙarfe biyar na asuba, ranar Laraba, na hau amalanken maƙwabci. 'Yata Hadiza ke rubuta wannan, ni ko alif ban sani ba. Shekarar nan ruwa ya ƙi, gero ya bushe a tsaye, ga Malam mijina ya rasu. Har gobe kuka nake. Kafin rasuwarsa 'yan purje, masu aikin taimakon manoma, sun ɗauki muryarsa kan maganar iri, ɗan ƙanwata Isufu da ke aiki a bironsu, wato ofishinsu na Zinder, ya aiko cewa in zo in ji, don ran Juma'a za a kwashe na'urorin zuwa Yamai.

Takeita

Ƙarfe bakwai na shiga mota, jika guda. Direba ya ce, "Iya, kilomita hamsin ne, ki riƙe haƙoranki."

Na ce, "Biyu suka rage, ɗana, su riƙe kansu."

A shinge jandarma ya duba katina, ya duba ni, ya ce hoton ya fi ni ƙiba. Na ce kafin fari aka ɗauka.

Zinder

Tara da rabi kabu-kabu ya ajiye ni. Isufu ya ba ni fura, ya kunna ordinatar, wato kwamfuta, ya duba ya sake dubawa. Muryar tana ciki, abin da ke buɗe ta ne ya ɓata.

"Inna, doka ce. Duk wanda ya ƙulla abin aiki na cikin ordinatar ya aiko, sai ya rubuta masa rumfarsa a jeri, kamar kasuwa. Na rubutu da 'yan'uwansa, na sauti da 'yan'uwansa. To, babu shi a rumfar sauti."

Sau huɗu yana buɗe rumfar nan. Na ce, "Kai, akuyar da ta ɓata a garke ake nemanta? Leƙa gidan maƙwabta."

Ya leƙa na rubutu, babu. Na hotuna, babu. Saura ɗaya, ya ce wannan ta wasanni ce, ba sai an duba ba. Na ce duba. Ga shi zaune kusa da karta! Mai ƙullin ne ya rubuta masa rumfar da ba tasa ba.

Na ce, "Malam da ko dara bai taɓa yi ba, aka kai shi cikin 'yan karta?"

Isufu ya danna. Malam ya yi gyaran muryar nan tasa, ya ce, "Iri kam, ku tambayi tsohuwa. Ni ma ɓoye mini take, wai zan ba mutane."

Na yi dariya, na yi kuka, aka sake sa mini sau uku.

Gida

Na kwana wajen Isufu a Birni, Alhamis da la'asar na iso gida lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Isufu. Da dawowata na tono tulun iri a ƙarƙashin gado, na raba wa gida shida. Malam, ka ci nasara. Allah ya jiƙanka.