Ranar da Mai Zare Ya Ɗinke Soyayya da Kisan Kai

Wata Talata ce. Tun hantsi gari ya yi lumshi, babu iskar da za ta kaɗa ko ganye. Can da rana hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, kafin masu kasa kaya a bakin titi su gama tattarawa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Awa uku ana zubawa. Ana cikin haka iska ta ɗaga kwano ɗaya na rufin shagon hayar littattafan nan na kan kwana, daidai saman kantar da aka fi ji da ita. Da ruwa ya ɗauke, littafi arba'in da wani abu sun jiƙe sharkaf. Gam ya saki, bango ya rabu da ciki, takardu suka zube a ƙasa kamar an watsa wa kaji dawa.

Wanda gyaran ya faɗa wa shi ne tsohon da ke zama a benci a ƙofar shagon, wanda kowa ke kira Mai Zare. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana kan bencin nan. Asalinsa gyaran takalma yake yi. Wata rana tsohon mai shagon ya tsaya yana kallon yadda yake jan zare, ya miƙa masa wani littafi da ya yage, ya ce wanda ya iya ɗinke fata takarda ba za ta gagare shi ba. Tun daga ranar bai sake taɓa takalmin wani ba. Kayan aikinsa ba su da yawa: basilla, allura biyu, zare mai kauri da yake gogawa da kaki, almakashi, kwali, da wani tsohon dutsen guga da yake danne littafi da shi.

Abu ɗaya ne ba wanda ya sani sai marigayi mai shagon: Mai Zare bai iya karatu ba. Aji biyu ya yi yana yaro, lambobi suka zauna masa, baƙaƙe suka gudu. Shi bai taɓa cewa ya iya ba. Mutane ne suka ga tabarau a hancinsa da littafi kullum a hannunsa, suka yanke hukunci da kansu. Shi kuma ya yi shiru, shirun ya yi ta tsufa har ya zama abin da ba ya iya warwarewa.

Ga shi kuwa duk layin babu wanda ya kai shi sanin labarai. Mai karatu in ya gama littafi, cikinsa ba ya riƙe shi, sai ya amayar wa wani. To, bencin Mai Zare suke zama. Mata masu son na soyayya su ba shi labarin yarinyar da ta yi shekara bakwai tana jiran wasiƙa. Direbobi su ba shi na bincike, inda aka tsinci gawa a ɗaki a kulle. 'Yan makaranta su zo da na duniyar gobe, inda injuna suka ƙwace mulki. Akwai masu son na fatalwa da gidajen da aka ƙaurace wa, akwai masu neman na barkwanci kawai su yi dariya su manta da gajiya. Yana jan zare yana saurare. Da daɗewa har ya tsara abin a ransa. Yakan ce na soyayya haƙuri ake aunawa, na bincike kowa na ɓoye wani abu, na tsoro kuwa in ka bi sawu za ka tarar da alhakin wani ne aka binne bai ruɓe ba. Na injuna ne bai taɓa gamsuwa da su ba. Ya ce tsoron rasa aiki ne kawai aka sa wa ƙafafun ƙarfe.

Saboda haka in baƙo ya zo ya rasa abin ɗauka, sai a ce, "Tambayi Baba." Ya dubi mutum sama da ƙasa, ya nuna masa kanta. Da wuya ya kuskure.

Da mai shagon ya rasu, 'yarsa ta ƙarshe ta karɓi wurin. Auta ake ce mata. A gaban Mai Zare ta yi rarrafe, tana girmama shi, amma yarinya ce mai son abu ya tafi da sauri. Ga shi a tsallaken titi an buɗe wani wuri mai injin manna littafi, wanda kan gama goma kafin Mai Zare ya zura allura. Sau biyu tana ce masa, "Baba, ka fa tsufa da wannan durƙuson." Ya san abin da take nufi. Ya san kuma bencin nan shi ne duk abin da yake tashi dominsa da safe.

Bayan ruwan nan sai da aka kwana uku ana shanya takardu a kan igiya. Auta na ta kai da kawowa, masu haya na ta zuwa suna komawa hannu rabbana.

"Baba, ko guda biyun nan sababbi ka fara gama min. Su ake ta tambaya."

Littattafan biyu daga maɗaba'a ɗaya suka fito. Tsawo ɗaya, takarda ɗaya, ƙwayar rubutu ɗaya, kuma duk biyun a wuri ɗaya suka rabe gida biyu. Da mahaifinta na da rai, da ya duba ya sa masa ɗigo da fensir, kamar yadda suka saba ba tare da kowa ya lura ba. Yanzu babu mai ɗigo. Mai Zare ya juya su, ya sake juyawa. Ga shafi na sittin da huɗu, ga na sittin da biyar. Ga wani sittin da huɗun, ga wani sittin da biyar ɗin. Ya ɗaga kai zai yi magana, ya ga Auta na kallon tsallaken titi. Sai ya haɗiye maganar, ya yi bismilla, ya ɗinke. Ɗinki kuwa ya yi kyau, ko uwar littafin ba za ta ce an taɓa shi ba.

Ranar Asabar da hantsi sai ga wata ma'aikaciyar jinya da ake kira Nas, tsohuwar mai haya ce, ta shigo ko sallama ba ta gama ba.

"Auta, wane irin wulaƙanci ne wannan? Ina zaune lafiya, yaron nan ya tsaya a tasha da zobe a aljihu, jirgin yarinyar na shigowa, na juya shafi, sai ga gawa a rijiya! Gawar wa? Wani sufeto ya faɗo daga sama yana tambayar mai lambu inda ya kwana. Wane mai lambu? Na yi ta haƙuri har ƙarshe ko yarinyar za ta sauko daga jirgin nan. Har yau tana ciki!"

Tela, maƙwabcin shagon, ya tsayar da kekensa ya leƙo. Bai gama dariya ba sai ga wani direban babbar mota da ɗayan littafin a naɗe a hannu.

"Tsoho, ni fa an cuce ni. Sufeto ya tara mutanen gidan kaf a falo, ya ce mai kisan yana cikinku. Na gyara zama. Sai kawai wata ta fara kuka tana cewa ta yafe masa. Ta yafe wa wa? Shafi sittin ana ta yafiya da kallon wata. An kashe mutum fa!"

"To ai sai ku yi musaya," in ji Tela. "Ke ki ba shi gawarsa, shi ya ba ki angonki."

Kowa ya yi dariya ban da mutum biyu. Auta ta karɓi littattafan ta buɗe tsakiya, ta duba wannan, ta duba wancan. Fuskarta ta canza. Ta fito ta tsaya a gaban benci, ta miƙa masa ɗaya a buɗe.

"Baba, dubi nan. Karanta ƙarshen wannan shafin da farkon wancan. Ko yaro ai ya ga ba su haɗu ba. Yaya aka yi?"

Mai Zare ya karɓa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Baƙaƙen nan suna nan yadda ya saba ganinsu, jere kamar tururuwa, ba su taɓa ce masa komai ba. Tela ya ga tsohon ya maƙale, sai ya yi maza ya nema masa mafita.

"Haba Auta, ido ne. Shekaru fa sun ja. Ni ma nan sai na yi da gaske nake zura zare."

Hanya ce a buɗe. In ya ce ido ne, sai a tausaya masa, a sallame shi da mutuncinsa, a ci gaba da cewa ai Baba ya sha karatu kafin ido ya gaza. Ya daɗe yana kallon shafin. Sannan ya rufe littafin a hankali ya ɗora a cinya.

"Ba ido ba ne, 'yata. Idona ras yake. Ban iya ba ne. Ban taɓa iyawa ba. Mahaifinki ya sani, shi yake sa min alama. Ranar nan ya kamata in tambaye ki, kunya ta hana ni."

Nas ce ta fara magana, muryarta ta sauko.

"To Baba, wancan littafin da ka zaɓa min lokacin da mijina ke kwance, ka ce min kada in ji tsoro, ƙarshensa alheri ne?"

"Wata mai sayar da atamfa ce ta ba ni labarinsa. A nan ta zauna, inda kike tsaye."

Auta ta juya ta shige ciki. Shi kuwa ya fara tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya cikin jaka. Da ya zo kan dutsen guga sai ya tuna na shagon ne, ya ajiye. Har ya miƙe, idonsa ya faɗa kan sauran littattafan da ruwa ya cire wa bango, tuli guda a ƙasan kanta, Auta ta rasa ta inda za ta fara. Bai iya wucewa ya bar aiki a haka ba. Ya durƙusa ya fara rabawa.

"Me kake yi kuma, Baba?" ta tambaya daga bayan tebur.

"Ware miki nake, kada masu injin su sha wahala. Waɗannan tsofaffi ne, sun sha hannu, na san su. Sababbin ne ba su da tabo, shi ya sa suka ruɗe ni." Ya ɗaga ɗaya. "Wannan na bincike ne. Dubi shafin ƙarshe yadda ya fi sauran datti. Mutane ba su da haƙuri, sai sun leƙa sun ga wa ya yi kisan. Wannan na soyayya ne, tsakiyarsa ta yi laushi, nan ne wurin rabuwa, ana komawa a sake karantawa. Wannan mai tabon maiƙo na barkwanci ne, da shi ake cin abinci. Wannan kuwa na tsoro ne. Kin ga kusurwoyin nan a lanƙwashe barkatai? Ba a ƙarshen babi ake tsayawa ba, inda zuciya ta tsinke nan ake rufewa."

Auta ta zagayo ta durƙusa kusa da shi. Ya ajiye, ta ɗauka ta buɗe ta karanta layi biyu. Ya sake ajiyewa, ta sake dubawa. Direba ya manta da motarsa, Nas ta zauna a benci. A cikin tulin nan kaf guda biyu kawai ya ɓata, ya sa na injuna cikin na yaƙi.

"Waɗannan ai ko ni ba na bambance su," in ji Direba. "Duk harbe-harbe ne."

Auta ta jujjuya wani littafi a hannu.

"Da ka gaya min, Baba. Ni ba baƙuwa ba ce."

"Da na gaya miki."

"Sababbi dai zan riƙa kai wa masu inji, ba zan ɓoye maka ba. Amma waɗannan tsofaffin in suka shiga injin nan dagargajewa za su yi. Mayar da jakarka. Daga yau kafin ka zura allura ka kira ni, in karanta maka gaɓar da ƙarfi, kai ka ce ta haɗu ko ba ta haɗu ba."

Da yamma ya warware ɗinkin littattafan biyu. Auta ta tsaya a kansa ta karanta, yarinyar ta sauko daga jirgi, ya ce ta haɗu, ya sake ɗinke su. Nas ta tafi da nata. Direba kuma ya tsaya nan a tsaye sai da ya ga sunan mai kisan, ya ce dama tun farko shi yake zargi.

Maganar ta zaga layi, kamar yadda magana kan yi. Akwai waɗanda suka daina tambayarsa shawara, har wani malamin makaranta ya yi wata guda yana wucewa ba gaisuwa. Abin ya yi masa ciwo, bai gaya wa kowa ba. Amma yawanci sun ci gaba da zama a bencin, har ma suka ƙara tsawaita labari, tunda yanzu sun san ba shi da wata hanyar ji sai bakinsu. Ya yi shekara shida yana aiki a haka.

Yanzu Mai Zare ya haura tamanin, yatsunsa sun daina riƙe allura. Yana zaune a gidan babbar 'yarsa a bayan gari. Ranar Litinin da Alhamis yakan hau mota ya zo shagon, ya zauna a ƙofa daga hantsi zuwa la'asar.