Hajiyar da ta rage mini hanya a Corniche

Ina tsaye a Corniche, titin bakin teku, sanyi na kaɗa ni, wayata ta mutu, ba halin kiran tasi. Hutun Disamba na zo wajen maigidana a ƙasar waje, kuma ba mu da mota.

Sai wata mata ta tsayar da motarta. "Ƙanwata, atamfarki ta tona ki. Ina zuwa?"

"Unguwar Al-Sadd, Hajiya."

Na shiga gabana na faɗuwa, don a littattafan da nake karantawa haka ake sace amare. Gudun kada ta ga gidanmu, na sauka tun da nisa, na ƙarasa da ƙafa.

A ƙofar benenmu na tarar da ita, da makulli a hannu.

"Ashe maƙwabta ne mu," ta ce tana murmushi.

Ku gaya mini gaskiya, dace ne, ko sawuna ta biyo?