Ranar da Goggo Ta Shanya Digirina

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, wurin goggona na zauna a unguwar Mairi da ke Maiduguri. Ita kaɗai ce a gidan, kuma ta yi imani babu abin da rana ba ta gyarawa. Katifa, tabarma, kuɓewa, har littattafaina, duk Asabar sai sun fita tsakar gida.

Aikin da zai ba ni digiri kuwa shi ne in nuna yadda wani sinadari a cikin bakteriya da ganyen alayyahu yake ƙera ribofilabin, wato bitamin B2. Na yi watanni ina kiwon bakteriya kamar mai kiwon kaji, har na tara 'yan kwalabe na ruwa rawaya. Ruwan nan ɗan gata ne, ba ya son zafi, haske kuma kashe shi yake yi. Ana gab da awon ƙarshe wutar lantarki ta tafi hutu, firjin ɗakin gwaji ya zama akwati. Na naɗe kwalaben a baƙin ƙyalle, na kawo gida, na tura bayan randa inda ƙasa ke da sanyi. Na ce, "Goggo, don Allah kar a taɓa ruwan nan." Ta ce to.

Ranar Asabar ta aike ni Kasuwar Litinin sayen turaren wuta. Na dawo da azahar na tarar da kwalabena jere a kan tabarma, tsirara, suna shan ranar Maiduguri. Rawayar ta koɗe kamar ruwan wankin shinkafa.

"Wushe, 'yata," in ji Goggo, sannu ke nan da Barbarci. "Ƙyallen nan ya jiƙe har yana wari, za ki ja mana ciwo. Amma ruwan ko buɗewa ban yi ba."

Gaskiyarta, ta cika alkawari.

Malamin da ke duba aikina ya ɗaga kwalba ɗaya, ya ajiye, ya ce sai baɗi. A cikin keke-napep na yi kukana, ina tunanin abokaina za su tafi bautar ƙasa ni ina nan ina yi wa bakteriya hidima. Na shiga gida cike da haushi na faɗa mata.

Sai ta ce, "Wato ba za ki koma gidanku bayan Sallah ba? Kina nan har baɗi?"

Na ce ina nan.

"Allah sarki," ta ce da muryar jaje, amma fuskar ta ƙi ba ta haɗin kai. Da la'asar ta sa aka yanka zakara.